Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Kwamishinan Lafiya na Jihar Kebbi kan manhajojin da ke auna hoton haƙora

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma Kwamishina, ranku ya daɗe. Ina gaishe ku da aiki, da fatan Allah Ya ƙara dafa muku. Ni likitan haƙori ne, ɗan wannan jiha, kuma na rubuto ne kan wani baƙo da ya shigo sana'armu ta wayar hannu ba tare da sallama ba. A yau duk mai waya da data zai iya ɗora hoton eksire na kan yaro a wata manhaja mai aiki da ƙirƙirarriyar basira, kafin ya gama gyara zama ta auna masa muƙamuƙi da haƙora, ta jero masa lambobi. Akwai WebCeph ta Koriya ta Kudu, akwai CephX, akwai AudaxCeph ta Sulobeniya, da wasu. Ina goyon bayan Kebbi ta yi amfani da su. Roƙona shi ne ma'aikatarku ta shimfiɗa ƙa'ida tun yanzu, kafin abin ya zama ruwan dare, domin kuskure a wannan fanni yakan ƙare ne da cire lafiyayyen haƙori, shi kuwa ba ya sake tsirowa.

Bari in fara da aikin kansa, don wasiƙar ta amfani iyayen da za su karanta. Likitan da ya ƙware a daidaita jerin haƙora ba ya ɗaura wa yaro wayar ƙarfe a haƙora don kawai ya ga haƙoransa sun turo. Sai ya fara sanin inda matsalar take. Haƙoran ne suka karkata, ko ƙashin muƙamuƙin sama ne ya yi gaba, ko na ƙasa ne bai girma ba? Ido ba ya iya raba waɗannan. Shi ya sa ake ɗaukar hoton kai daga gefe, a kafe kan yaro da wasu 'yan sanduna biyu a kunne don kada ya motsa. Broadbent a Amurka da Hofrath a Jamus ne suka fito da wannan hanya a 1931. Daga nan likita ya shimfiɗa takarda shara-shara a kan hoton, ya ɗauki fensir ya yi ɗigo a wurare sanannu: wani gurbi a tsakiyar ƙoƙon kai, mahaɗar karan hanci da goshi, lotsawar ƙashin sama a ƙarƙashin hanci wadda muke kira ɗigon A, da lotsawar da ke saman haɓa wadda muke kira ɗigon B. Sai ya ja layuka ya auna kusurwoyi. Aiki ne mai cin minti 20 zuwa 30 idan ana son a yi shi da kyau, kuma yana gajiyar da ido. A kan waɗannan lambobi ake yanke shawarar ko za a jira yaro ya ƙara girma, ko a sa waya, ko a cire haƙora huɗu don a sami fili, ko kuwa sai an yi wa muƙamuƙin tiyata.

Wannan ɗige-ɗigen shi ne abin da manhajar ta karɓa. An nuna mata ɗaruruwa ko dubban hotuna waɗanda ƙwararru suka riga suka yi wa alama, har ta gane kamannin kowane wuri. Ba ta san yaro ba, ba ta san ciwo ba, siffa kawai take bi. Kuma tana ƙoƙari, wannan ba abin musu ba ne. Ma'aunin da masu binciken suka saba gwada ta da shi ya samo asali ne daga wata gasa ta masana da aka yi a 2015, inda aka yi amfani da hotuna 400 daga Taiwan, kowanne da ɗigo 19, aka ce duk ɗigon da ya faɗi cikin milimita 2 daga inda ƙwararre ya sa nasa, ya ci. Da aka tattara sakamakon bincike-bincike da dama a 2021, an ga manhajojin suna cin kusan kashi 80 cikin 100.

Kashi 80 maki ne mai kyau a jarrabawa. A nan kuwa ma'anarsa ita ce cikin ɗigo 19, uku ko huɗu na iya kaucewa. Ɗigon A yana cikin masu wuyar gani, domin ƙashin wurin siriri ne, inuwar kunci kuma takan rufe shi. Idan ya goce da milimita 2, kusurwar ƙashin sama takan sauya da kusan digiri 2. To, tazarar da ake ɗauka daidai tsakanin ƙashin sama da na ƙasa ita ma digiri 2 ce. Ke nan ɗan wannan gocewa ya isa ya mai da yaro mai lafiyayyen muƙamuƙi ya zama mai matsala a takarda. Mu likitoci ma mukan saɓa wa juna a kan wannan ɗigo, har mutum ɗaya yakan saɓa wa kansa idan ya sake auna hoton bayan mako. Bambancin shi ne likita ya san inda hannunsa ya yi rawa, ita kuwa manhaja da fuska ɗaya take kawo daidai da kuskure, a tsaftataccen jadawali mai launi da ke sa mutum ya ji kunyar yi mata gardama. Don haka abu na farko da nake nema bai buƙaci ko kwabo ba: takardar umarni ga asibitocin gwamnati da masu zaman kansu cewa duk awon da manhaja ta yi, sai likitan haƙori mai rajista da Majalisar Likitoci da Likitocin Haƙori ta Najeriya ya buɗe hoton, ya duba ɗigon ɗaya bayan ɗaya, ya gyara wanda ya kauce, ya sa hannu da sunansa, kafin a taɓa bakin kowa.

Matsala ta biyu ta fi wannan zurfi, kuma ita ce ta sa na ɗauki alƙalami. A ce manhajar ta sa kowane ɗigo daidai. Da me za ta kwatanta abin da ta auna? Lambobin da aka fi koyarwa a matsayin "daidai" sun fito ne daga Amurka. Downs ya fitar da nasa a 1948 daga matasa 20 fararen fata 'yan shekara 12 zuwa 17. Steiner ya biyo a 1953 da lambobin da kowane ɗalibin haƙori ya haddace: digiri 82 na ƙashin sama, 80 na ƙasa, tazara 2. Tun shekarun 1980 masu bincike a Najeriya, irin su Farfesa Isiekwe na Jami'ar Legas, suka nuna cewa haƙoran gaban ɗan Najeriya, na sama da na ƙasa, sun fi na Bature karkata gaba, leɓɓansa kuma sun fi cika, alhali lafiyarsa ƙalau, yana tauna tuwonsa babu damuwa. Duk wanda ya taɓa sayen hatsi a kasuwar Jega ya san mudu ya bambanta daga gari zuwa gari. Wanda ya auna geronmu da mudun wani gari zai rantse an tauye shi ko an yi masa gyara, alhali geron bai canja ba. Haka manhajar za ta yi wa 'yar Gwandu idan aka bar ta a kan lambobin Steiner: ta cika takarda da jan rubutu, ta ce haƙora sun turo fiye da kima. Matashin likitan da ba shi da babba kusa da shi ya gani ya tsorata, iyaye su gani su tsorata, a cire haƙora huɗu masu lafiya don a tura na gaba baya, yarinya ta tashi da bakin da ba irin na gidansu ba.

Wasu manhajojin suna ba da damar a zaɓi ma'aunin wata al'umma, kamar na baƙar fata, wannan ci gaba ne. Sai dai "baƙar fata" ba fuska ɗaya ba ce. A jihar nan kaɗai akwai Bakabe na Argungu, da Bafulatanin Bunza, da Badakkare na Zuru, da Bakambare na ƙasar Yawuri, da Dandawa da Zabarmawan Kamba. Wanda ya zauna da su ya san tsarin fuskokinsu ba ɗaya ba ne. Ma'aunin da aka ɗauka a Legas ya fi na Amurka kusa da mu, amma bai zama namu ba.

Akwai ma abin da ba lamba ke yanke shi ba. Wushirya ado ce a wurinmu, ana yabon mai ita. A littattafan Turai kuwa tana cikin abubuwan da ake gyarawa, kuma manhajojin da ke zana yadda haƙora za su jeru bayan magani sukan rufe ta kai tsaye sai in an hana su. Wani lokaci akwai dalilin rufewa, kamar idan wani ƙarin haƙori ne ya ɓuya a ƙashi yana raba na gaba, hoton kuma zai nuna shi. Idan babu irin wannan, mai baki ya kamata a tambaya.

Na san abin da zai zo ran mai karatu, kuma ina jin ya zo ranku: jihar da ke fama da zazzaɓin cizon sauro, da tamowa, da mutuwar mata wajen haihuwa, ina ita ina zancen wayar haƙori? Tambaya ce mai nauyi. Amma daidaita haƙora ba na 'yan gayu kaɗai ba ne. Yaron da aka haifa da tsagaggen leɓe da ganɗa, bayan an ɗinke shi, ƙashinsa na sama sau da yawa ba ya girma yadda ya kamata, yana buƙatar a bi shi da awo da waya shekara da shekaru. Masu sikila akan sami ƙashinsu na sama ya turo. Ga kuma waɗanda suka tsira daga noma, cutar da mutanenmu ke kira ciwon iska ko ciwon daji, wadda ke cinye kunci da ƙashi, ta bar muƙamuƙi a ɗafe. Asibitin yara masu noma da ke Sakkwato yana aiki tun 1999, kuma 'ya'yan Kebbi da Zamfara suna cikin masu cika gadajensa. A Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa noma cikin jerin cututtukan da aka yi wa riƙon sakainar kashi, Najeriya ce kuma ta jagoranci neman hakan. Abin lura shi ne waɗannan yara, da suka fi kowa buƙatar awo na ƙwarai, su ne manhajar ta fi yi wa kuskure, domin ta yi karatunta ne a kan fuskokin da ƙashinsu ke inda aka saba ganinsa. Inda cuta ta cinye wurin ɗigon, manhajar ba ta cewa babu, sai ta dasa shi a wani wuri. Irin waɗannan hotuna hannun ƙwararre kaɗai ya dace da su.

Sannan injin da ke ɗaukar wannan hoto ba na masu wayar haƙori kaɗai ba ne. Shi ne dai ke ɗaukar hoton baki gaba ɗaya daga kunne zuwa kunne, wanda muke nema idan ɗan kabu-kabu ya faɗi ya karya muƙamuƙi, ko aka kawo mutum da kumburin haɓa da ake tsoron ƙari ne. Kuɗi ɗaya, aiki uku.

Ga inda nake ganin alherin abin. Ƙwararrun wannan fanni a Najeriya 'yan kaɗan ne, kuma yawancinsu suna manyan birane irin Legas da Ibadan da Abuja. Uban da ke Zuru ko Yawuri, zuwa Birnin Kebbi ma tafiyar sa'o'i ce a gare shi, balle a ce ya wuce. Maganin waya kuma ba zuwa ɗaya ba ne, yakan ɗauki shekara ɗaya da rabi zuwa biyu, ana komawa duk bayan mako 4 zuwa 8. Idan ana iya ɗaukar hoton a nan, manhaja ta yi awon farko, likitanmu ya gyara, a aika wa ƙwararre ta intanet ya duba cikin 'yan mintoci, to an rage wa iyaye tafiyar banza. Za a san wanda zai jira, da wanda za a iya yi wa a gida, da wanda dole a tura. Ƙwararren da a da zai duba yara biyar a yini, yanzu zai duba ninkin haka, tunda an ɗauke masa wahalar fensir.

Akwai wani amfani da ya dace da mu musamman. Wasu gyare-gyaren muƙamuƙi ba sa yiwuwa sai a lokacin da yaro ke tsakiyar saurin girma, wanda yakan zo wa 'yan mata da wuri fiye da maza. Yaranmu da yawa ba su da takardar haihuwa, za a ce maka an haife shi shekarar ambaliya ko bayan babbar salla. Amma ƙasusuwan wuya na biyu da na uku da na huɗu suna fitowa a wannan hoto na gefe, siffarsu kuma tana sauyawa da girma, ƙasansu yana lotsawa, jikinsu yana tashi daga shimfiɗaɗɗe zuwa mai tsayi. Daga nan ake gane ko lokacin ya yi ko ya wuce, ba tare da an sake haska yaro ba. Ana koya wa manhajoji wannan karatu ma, kuma ko da ba su kai ƙwararre ba, suna tuna wa likitan da aiki ya yi wa yawa ya kalli wuyan. A hoton baki gaba ɗaya kuwa suna taimakawa wajen ƙirga haƙora, su nuna fiƙar da ta maƙale a ƙashi ko haƙorin da bai fito ba bayan famfara. A Amurka hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ta amince da manhajar kamfanin Pearl a 2022 don taimaka wa likita gano ruɓewa da makamantanta a hoto. A lura, taimaka wa likita aka ce.

Duk wannan ya dogara ne da hoton kansa. Manhaja ba ta gyara hoton da aka ɗauka kai a karkace. Abin da na fi tsoro shi ne dabarar da ta fara zama jiki: a ɗaga fim a taga, a ɗauke shi da waya, a ɗora. Wayar da ta ɗan karkata tana sauya kusurwa, kuma in babu 'yar rular da ke jikin injin a cikin hoton, duk wani awon milimita shaci-faɗi ne. Ana buƙatar injin dijital mai hannun ɗaukar hoton gefe, da wuta tsayayya ta sola da batir don kada ta ɗauke ana tsakiyar ɗauka a sake haska yaro, da ma'aikacin hoto mai rajista, da lasisin hukumar NNRA mai kula da harkar haske mai ratsa jiki. Hasken hoton gefe kaɗan ne, bai wuce abin da jiki ke sha daga ƙasa da sararin sama cikin kwana ɗaya ko biyu ba. Na CBCT, mai nuna ƙashi ta kowane ɓangare, ya ninka shi sau da yawa. Sauƙin karanta hoto kada ya zama dalilin yawaita ɗaukarsa, musamman ga yara, kuma musamman inda kowane hoto kuɗin shiga ne ga mai asibiti.

Sai batun sirri. Yawancin manhajojin nan ba a cikin kwamfutar asibiti suke aiki ba, hoton yana tafiya ne zuwa rumbun kamfani a wata ƙasa, sau da yawa da suna da shekaru da hoton fuska. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar kariya ta musamman, ta gindaya sharuɗɗa kan fitar da su waje, ta kuma ce na yaro sai da yardar iyaye ko waliyyi. Yarda kuwa ba ita ce a miƙa wa uba takardar Turanci a ce ya dangwala ba. A rubuta ta da Hausa, da boko da ajami, a karanta wa wanda ba ya karatu, a gaya masa ƙarara cewa hoton 'yarsa zai bar ƙasar nan. A cire suna a sa lamba. Mutanenmu suna da kunya da kishin iyali, kuma mun ga yadda jita-jita ta tsayar da allurar shan inna a Arewa a 2003. Ranar da aka fara cewa asibiti na sayar wa Turawa hoton 'yan mata, ba sashen haƙori kaɗai zai yi asarar jama'a ba.

Ina kuma jan hankalinku ga yayin wayar ado da ya shigo wa 'yan mata, wadda ake liƙawa a shagunan kwalliya. Waya ko ta ado ce tana jan haƙori, tana tara datti, tana kumbura dasashi, har ta kai haƙori ya fara girgiɗi. A da mai shago ba ta da abin nunawa sai bakinta. Yanzu za ta iya buga jadawali mai launi daga manhaja ta ce kwamfuta ta auna. Idan sa hannun likita mai rajista ya zama wajibi, masu sa ido na ma'aikatarku sun sami abin tambaya idan suka shiga irin waɗannan wurare.

Babban abin da nake fata, ranku ya daɗe, shi ne Kebbi ta auna manhajar kafin manhajar ta auna Kebbi. Ba aiki ne mai tsada ba. A zaɓi wuri ɗaya a Birnin Kebbi, ko Asibitin Tunawa da Sir Yahaya ko wanda kuka ga ya fi dacewa, a haɗa hannu da Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan da na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Hotunan da aka riga aka ɗauka saboda magani, ba waɗanda za a ɗauka don bincike ba, a ba ƙwararru biyu su auna da hannu kowa daban, a ba manhajoji biyu ko uku su ma su auna, a ga wane ɗigo ne suke kaucewa a fuskokinmu, kuma da milimita nawa. Malaman kwamfuta da lissafi na Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da ta jiha da ke Aliero za su iya riƙe ɓangaren ƙididdiga, ɗalibansu ma su sami aikin digiri mai amfani. A hankali, da izinin kwamitin ɗa'ar bincike, za a tara ma'aunin mutanen wannan yanki. Duk kamfanin da ya zo tallar manhaja bayan haka, sai a ce masa ga hotunanmu, gwada mu gani, kafin a yi zancen kwangila.

Kuma tunda dole a sami mai sa hannun da ya san abin da yake sa wa hannu, ina roƙon jiha ta ɗauki nauyin likitocin haƙori 'yan Kebbi, ko biyu ne, mace da namiji, su yi karatun ƙwarewa a daidaita haƙora ƙarƙashin Kwalejin Likitoci ta Ƙasa ko ta Afirka ta Yamma, da yarjejeniyar dawowa su yi aiki a gida. Karatun yana cin shekaru, shi ya sa ya kamata a fara da wuri. Hukumar KECHEMA, mai kula da asusun taimakekeniyar lafiya na jiha, kuma ta duba yiwuwar ɗaukar kuɗin hoto da awo ga yaran da aka yi wa ɗinkin leɓe da waɗanda suka tsira daga noma, domin iyayensu galibi su ne marasa ƙarfi.

Idan kun ba da dama, ni da abokan aikina a shirye muke mu zo ofishinku da kwamfuta da hotunan da aka cire wa suna, mu auna ɗaya da hannu a gabanku, manhaja ta auna shi, ku ga inda suka haɗu da inda suka rabu. Za mu kuma zo da daftarin takardar umarnin da ta yardar iyaye, cikin Hausa, don jami'anku su duba su gyara.

Allah Ya taimake ku, Ya ba jiharmu lafiya da zaman lafiya.

Naku,
Likitan haƙori, Birnin Kebbi